Yawon Yini Ɗaya a Garuruwan Kewayen Kano: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abinci, Kasuwa da Kayan Gona

Mutanen birni da yawa kan fita zuwa ƙananan garuruwan da ke kewaye da Kano, a tafi da safe a dawo da yamma. Wani ziyara ce ta kai shi, wani shan iska, wani kuma so yake ya ciko bayan mota da kayan miya. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi kafin a kama hanya. Misalan na ƙasar Kano da Jigawa ne, amma wanda zai tashi daga Katsina ko Zariya ko Maraɗi ba zai rasa abin ɗauka ba.

Wace rana ya kamata in je?

Ranar da kasuwar garin ke ci. Wannan ita ce tambayar farko, kafin ma ka tambayi nisan hanya. Ƙaramin gari ranar kasuwa daban yake da sauran kwana shida: ranar ce mutanen ƙauyuka ke shigowa da abin da suka noma, ranar ce mahauta ke yanka da yawa, ranar ce masu abinci ke ɗora manyan tukwane. Ka je washegari, sai ka tarar da rumfuna wayam da awaki suna kiwo a tsakaninsu.

Wudil Juma'a take ci, Dambatta Lahadi, Maigatari da ke bakin iyakar Nijar kuma Alhamis. Wasu wuraren sunansu ya riga ya faɗa maka ranar, kamar Larabar Abasawa da Lahadin Makole. Sauran kuwa ka tambayi 'yan kamasho a tashar da ake lodin garin. Babu wanda ya fi su sanin ranar da mota ke cika.

Kada ka yi sammakon da ya wuce kima. Kasuwar ƙauye ba ta cika sai hantsi ya ɗaga sosai, wata ma sai bayan azahar. Kasuwar kayan gwari ce kawai ke son safiya, saboda manyan motoci na lodi da wuri.

Wane gari aka sani da me?

Hanyar Zariya ita ce ta kayan lambu da shinkafa. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, shi ke ba da ruwan da ake noman rani da shi a Kura, Bunkure da Garun Malam. Daga nan tumatirin Kadawa ke fitowa, kuma a Kwanar Gafan ake hada-hadarsa kwando-kwando. Karfi da Gundutse an san su da albasa. Kura kanta garin shinkafa ne, ga ƙananan injinan casa a ko'ina, ga kuma tsohuwar sana'ar rini.

Hanyar Wudil ta dabbobi ce da kifin kogi. In ka zarce zuwa Dutse akwai dabino. Haɗeja kuwa kifi, ɗanye da banda, sai dai tafiyar ta fi tsawo, dole a tashi da wuri. Hatsi kuma ba sai ka yi nisa ba: Dawanau na nan bakin gari a hanyar Katsina.

Akwai lokacin shekara da ya fi?

Kowane kaya da watansa. Tumatir da attaruhu da tattasai na rani suna yawa daga Janairu zuwa Maris, lokacin ne kwando ke faɗuwa. Albasa sabuwa tana biyo baya, alkama kuma wajen Maris da Afrilu. Mangwaro da zafi yake zuwa. Damina ta ƙwan zabi ce da nono mai yawa da ganye: zogale, rama, yakuwa, tafasa. Ɗanyar masara da ɗanyar gyaɗa wajen Agusta da Satumba. Daga nan sai kaka, gero ya fara shigowa, dawa da wake su biyo.

Wanda ya tafi neman tumatir mai araha a watan Yuni ya ɓata man motarsa. Akwai kuma shekarun da tsutsar nan da manoma ke kira sharon take cinye gonaki, kamar yadda ta yi a 2016. A irin wannan shekarar ko a bakin gona babu sauƙi.

Ta yaya zan gane wurin cin abinci mai kyau a garin da ban san kowa ba?

Ka daina neman allo. A ƙananan garuruwa wurin da ya fi kowanne abinci mai daɗi sau da yawa ba shi da suna a rubuce, rumfa ce ta kwano ko ta zana, benci biyu, da mace ɗaya a gaban tukwane tana ba yara umarni. Wurin da aka yi wa fenti aka rubuta sunan abinci goma sha a bango, galibi matafiya yake jira, kuma matafiyi ba ya dawowa ya yi ƙorafi.

Abin da za ka duba shi ne waɗanda ke zaune. In ka ga direbobin haya, 'yan dako, malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya suna jiran kwano, to ka samu. Mutanen nan kullum a nan suke ci, kuma mai abincin ta san in ta yi wasa gobe za su koma wajen maƙwabciyarta. Ka tsaya minti biyar kafin ka zauna. Dubi tukunyar miya: tana kan wuta tana tururi, ko an sauke ta tun ɗazu mai ya kwanta a kai? Dubi inda ake wanke kwanuka: ruwa biyu ne, na sabulu da na ɗauraya, kuma ana sauya shi, ko baho ɗaya ne da ya koma ruwan toka? Dubi ko an rufe tuwon, da ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗebo nama. Waɗannan sun fi kyan kujera muhimmanci.

Sannan kowane abinci da sa'arsa. Koko da ƙosai da waina na safe ne, ƙarfe goma sun ƙare ko sun huce. Ɗanwake da shinkafa da wake na hantsi zuwa azahar. Dambu da kwaɗon zogale ko na rama suna fitowa da rana. Tsire sai la'asar. Tuwo a wasu garuruwan sai dare, amma ranar kasuwa ana samunsa tun azahar. Ni dai ra'ayina, wurin da ke sayar da abu ɗaya ko biyu ya fi wurin da ke da komai. Mai waina da ta shekara ashirin tana waina kaɗai ba ta da abin ɓoyewa.

Ruwan sha kuwa ka taho da naka, musamman in da yara.

Wa zan tambaya ya nuna mini?

Yadda ka yi tambayar ya fi wanda ka tambaya. In ka ce "Ina ne wurin cin abinci mai kyau?" sai a dubi motarka da shigarka a tura ka wurin da ake ganin ya dace da baƙo, wanda ba lallai ne ya fi daɗi ba. Ka ce: "Malam, don Allah ku a ina kuke cin tuwo?" ko "Wace ce ta fi iya waina a garin nan?" Nan take za a ba ka suna da kwatance.

Mai shayi, mai faci, mai cajin waya da dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci bayan azahar duk sun san gari. Ka yi sallama, ka gaisa sosai, ka tambayi gida da aiki, sannan ka kawo buƙatarka. In mutum biyu da ba tare suke ba suka ambaci suna ɗaya, ba sai ka tambayi na uku ba.

An ce wasu abubuwan a cikin gidaje ake sayar da su. Yaya zan kai gare su?

Gaskiya ne, kuma a nan mata suka fi maza sa'a. Man gyaɗa na matsa, ƙuli-ƙuli, daddawa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, fura, dakuwa, alkaki, yawancinsu matan aure ke yi a cikin gida, yara su kai talla. Mace baƙuwa za ta yi sallama ta shiga, ta ga kaskon suya da idonta, ta ɗanɗana, ta zaɓa, wataƙila ma a ba ta lambar waya don gaba. Namiji kuwa iyakarsa zaure. Sai ya tsaya, ya sami yaro ya aika: "Shiga ka ce ana sallama, baƙo ne ke son man gyaɗa kwalba biyu." Za a fito da shi, kuma ba laifi ba ne ka buɗe ka shinshina. Mai na kwanan nan ƙanshin soyayyar gyaɗa yake yi. Wanda ya daɗe yana da wani ɗan wari mai kama maƙogwaro.

In yaro ya raka ka, ka ba shi ɗan wani abu.

Naman kasuwa fa, ba matsala?

Ranar kasuwa ita ce ranar da ta fi dacewa da shi, don yankan ranar ne kuma yana tafiya da sauri. Abin gudu shi ne kwantai, naman jiya da aka sake ɗumamawa aka bulbule da ƙuli da yaji. Ka zaɓi tsinken da aka kafa a gaban wuta kana gani, ka jira ya gasu. Balangu ka ce a yanko daga wanda ke kan waya, a sake juya shi a wuta kafin a naɗe. Mai nama zai miƙo maka ɗanɗano ba tare da ka roƙa ba; ka karɓa, don haka ake yi.

Kifi ɗanye ka ɗaga marfin kunnensa, ciki ya zama ja, ido a tsaye ba ya lotsa ba. Tarwaɗa in da hali ka saye ta da rai. Banda ka karya ɗaya ka duba ciki, kada ya zama da danshi ko ƙwari.

Masu kasa kaya a bakin titi da na cikin kasuwa, wanne ya fi?

Na bakin titi sauƙi gare shi, ka tsaya ko injin ba ka kashe ba. Amma kuɗinsa na mai mota ne, kuma yawancin masu kasawar sari suka yi daga cikin kasuwar da ke bayansu. In buƙatarka kaɗan ce, masara gasasshiya, rake, kankana ɗaya, saya abinka ka wuce. In kwando ko buhu kake so, ajiye motar nesa kaɗan ka taka da ƙafa.

Da gaske kaya sun fi araha a ƙauye?

Ba kullum ba. Manomi yau yana da waya, kuma kafin ka iso ya ji yadda aka sayar a kasuwar kayan gwari ta 'Yankaba da ta hatsi ta Dawanau. In ka haɗa kuɗin mai da na dako, mai sayen kwano biyu bai ci ribar komai ba. Riba tana ga mai sayen da yawa a lokacin da kayan ke tsakiyar kakarsa, shi ya sa gidaje uku ko huɗu kan haɗa kuɗi su sayi buhu su raba. Sauran ribar ba ta kuɗi ba ce: tumatirin da aka tsinka da safen nan zai yi maka kwanakin da na birni ba zai yi ba.

Kayan kanti kuwa, sabulu, sukari, taliya, man girki na gwangwani, daga birni aka kai su, don haka can sun fi tsada.

Ina jin tsoron kwandon tumatir. Yaya zan kauce wa a yi mini fuska?

Kusan kowane kwando manyan a sama suke, wannan kowa ya sani kuma an saka shi a lissafi. Abin da ba ka so shi ne ƙasan ya zama fasasshe. Ka leƙa ta ramukan kwandon a gefe, ka dubi gindinsa da ƙasar da yake kai: in akwai jiƙa ko ƙudaje sun taru a ƙasa, bar shi. Mafi kyau ka zo da naka mazubin, buhu ko roba mai faɗi, ka ce a juye a gabanka. Mai kaya nagari ba ya ƙin juyewa.

Ka zaɓi mai tauri irin UTC in za ka ajiye, ka haɗa da wanda bai gama nuna ba don kada su nuna maka rana ɗaya. In niyyarka shanyawa ce ko markaɗawa ka dafe, to nunanne sosai ya fi, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Albasa ka matsa wuyanta, ya zama a bushe. Mai ɗanyen wuya ruɓa take yi. Kada ka ɗaure ta a leda.

Shinkafa da hatsi fa?

Ka tambayi kwanon awo kafin ka tambayi kuɗi, domin kwanon wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, buhu ma haka. "Kwano nawa ne a ciki?" ita ce tambayar. In buhu ne, a soka a ciro daga tsakiya da ƙasa, ko a auna a gabanka.

Shinkafar Kura iri-iri ce, akwai jamila, akwai sipi da sauransu. Ka ɗebo a tafin hannu ka baza: dubi yawan karyayya, dubi tsakuwa, ka ciji ƙwaya ɗaya. Busasshiya ƙaras take yi. Mai danshi za ta yi maka fumfuna a buhu. Ka tambaya ko an bi da ita ta injin cire tsakuwa, don bambancin kuɗin bai kai wahalar tsincewa ba.

Wake shi ne abin lura. Wasu masu ajiya na zuba masa maganin ƙwari. Ka shinshina, in ka ji warin magani ko ka ga wata ƙura a jikinsa, wuce. Gara ka sayi sabo da kaka ka adana da kanka a jarka mai murfi ko buhun nan mai leda a ciki wanda iska ba ta shiga.

Yaya zan gane nono da man shanu da zuma na gaskiya?

Nono yana ƙaranci da rani saboda shanu ba su da ciyawa, lokacin ne aka fi sirka shi da ruwa, wani a kaɗa masa garin 'ya'yan kuka ya yi kauri, wani kuma madarar gari ce tun asali. Don haka ka san abin da ka saya. Ka tambayi mai ƙwaryar cikin ladabi: "Inna, kindirmo ne ko tsala?" ka ɗanɗana. Da damina ba ka cika fuskantar wannan ba. Man shanu ɗanye ka soya shi da 'yar albasa da zarar ka isa gida, in ba haka ba zai yi wari.

Zuma ta fi wuya. Gwaje-gwajen da ake yaɗawa, na ashana da na ɗigawa a ruwa ko a ƙasa, ba su tabbatar da komai, masu haɗi sun san su duka. Kuma daskarewa ba shaidar sukari ba ce, zuma tsantsa ma tana daskarewa da sanyi. Abin da ya fi kusa da tabbas shi ne ka saye ta da saƙarta ka tace da kanka, ko ka saya hannun wanda mutanen garin suka san yana da amya.

Zan iya zuwa gona kai tsaye in saya?

Za ka iya, amma ba a faɗa wa gonar mutum haka kawai. Ka tsaya a bakin gona ka yi sallama, ka yi "sannu da aiki", ka jira a amsa. Kada yara su shiga tsinka. Wani lokaci manomin zai ce maka ba nasa ba ne yanzu, ya riga ya sayar wa dillali gonar a tsaye. Ba rowa ba ce, haka cinikin yake. In ya yarda, ka tambaye shi yaushe ya yi feshi na ƙarshe, musamman ganye da tumatir. In ku da yawa ne, ko kuna son ɗaukar hoto, ku fara gaida mai unguwa. Hoton mata da yara kuwa sai da izini.

Yaya ake ciniki ba tare da an cuce ni ko na cuci wani ba?

Ka zaga ka ji farashi wuri uku kafin ka taya. In ka taya aka ce "albarka", ka ƙara ko ka wuce ba tare da ɓacin rai ba. In aka sallama maka, ka saya. Taya kaya a sallama sannan ka tafi abin kunya ne. Kada ka sa baki a cinikin da wani ke yi. Gyara ana roƙonta bayan an gama, da fara'a.

A kara, wato kasuwar shanu, da kasuwar awaki ba a yi sai da dillali, kuma la'adarsa sananniya ce, ka tambaya tun farko. Amfaninsa ba sasanta kuɗi kaɗai ba ne, shi ne shaidarka in daga baya aka ce dabbar ta sata ce.

Tsohuwar da ta kasa kuɓewa kashi biyar a kan buhu kuwa, ba wurin nuna iya ciniki ba ne.

Ban da abinci, me ya cancanci a saya?

Abin da ake yi a garin. Tukunyar ƙasa da randa, turmi da taɓarya, faifai, tabarmar kaba, muciya, ludayi, wuƙa da fartanya daga maƙera. Tukunya ka ƙwanƙwasa ta da yatsa, mai lafiya ƙara take yi tar, mai tsaga kuwa muryarta a dushe. In kana son abu na musamman, ka nemi mai yin sa ka ba da aiki, ka karɓa a zuwa na gaba.

In riƙe tsabar kuɗi ko tiransifa ta isa?

Riƙe tsaba, kuma da canji ƙanana. Masu POS suna nan a kusan kowace kasuwa, amma ranar kasuwa kuɗinsu kan ƙare, sabis kuma kan ɗauke. Manyan 'yan kasuwa na karɓar tiransifa. Mai nono da mai daddawa ba sa karɓa. Ka raba kuɗin aljihu biyu, don cunkoso ba ya rasa masu yankan aljihu.

Yaya zan yi lodi, kuma yaushe zan juyo?

Buhuna a ƙasa, kwando a sama, ganye a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Kifi, nama da nono su zama sayayyar ƙarshe, a kula mai ƙanƙara, kuma ƙanƙarar daga gida za ka taho da ita. Kaji da zabi kada a rufe su a but, zafi zai kashe su kafin ka iso. Jarkar fetur kada ta kusanci abinci.

Ka yi la'asar a garin ka kama hanya, don magariba ta same ka kusa da gida. Ranar kasuwa titi cike yake da manyan motocin shanu da na kayan gwari, wasu ba fitila, ga babura da amalanke. Hanyar da ba ka saba bi ba kuma, ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki a wannan makon kafin ka tashi, ka kuma gaya wa wani a gida garin da ka nufa.